Auta, Ga Sunan Kaka

Mahuta, daren Laraba

Autan Inna,

Ina fata kana lafiya, kai da Ladi da baƙon da muke jira. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke, dawa ta sunkuyar da kai, hunturu ya fara leƙowa da asuba. Inna ta ga hoton da ka turo. Ta ce ka rame, ta ce kuma kada ka wahalar da kanka da bayani, ba za ta karɓa ba.

Saƙonka na murya ya shigo ran Asabar. Sai da na je gindin tsamiyar bayan makaranta na ɗaga waya sama kafin ya sauka duka. Minti 11 ne, Mai Gwaza, kuma sau uku na saurare shi. Goggo ta samu “a gaishe ta” guda ɗaya a can ƙarshe, sauran kuwa sunan gidan su Ladi ne ya cinye. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Na gane abin da ka ce. Sunan nan da Inna ke cewa sai an yi atishawa yake fita, ashe sunan ƙauye ne. Ka ce irinsu masu ƙarewa da -ow da -itz yawanci daga gabas suke, daga garuruwan da mutanen Slav suka fara zama kafin Jamusawa su iso. Ƙauyen yana hayin kogin Oder, kuma tun da aka ja sabuwar iyaka a 1945 ya faɗa cikin Poland, aka sa masa wani suna da harshen can. Kakan Ladi ya fito daga cikinsa yana yaro, a kan amalanke, cikin ƙanƙara, shi da mutum fiye da miliyan 12 da ƙarshen yaƙin ya taso daga gabas. Har ya rasu bai sake taka garin ba.

Inda ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce yau babu allon hanya ko ɗaya da ke ɗauke da tsohon sunan garin, sai ɗan ƙarfen da ke jikin ƙofar surukinka, kusa da ƙararrawa. Ga shi 'ya'yansa biyu, duka mata. A nan na kashe wayar na zauna shiru. Mu da muke ganin mutanen ƙauyuka suna shigowa Mahuta da Zuru da tabarmi a ka, sun baro gida ba da son ransu ba, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ina da yara a aji da in na tambaye su garinsu sai su ambaci wurin da yau ciyawa ce kawai ke kwana a cikinsa.

Don haka ga amsata tun da wuri, ka daina juyi a kan gado: ka ba dattijon abin da ya roƙa. Yaron ya ɗauki sunan. Tun da ka ce dokarsu ta canza daga 1 ga Mayu 2025, ana iya jera wa yaro sunan gidan uwa da na uba tare, to a jera. Uba dai kai ne, kuma naka sunan yana nan a jiki.

Na yi wa Inna bayanin a hankali, bayan ta idar da isha'i. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce mutumin da ya ba ka 'yarsa bai nemi ko tiya ɗaya ta dawa ba, bai kamata a hana shi wannan ba. Ta ce da a zamanin Kaka ne, da shekara bakwai za ka yi kana golmo a gonarsa kafin ka ga ƙeyar Ladi. Kawu ne ya ɗan yi gunaguni, wai ɗa na ubansa ne. Ka bar mini shi.

Taswirar nan mai ɗige-ɗige da ka turo ta burge ni, ba zan ɓoye maka ba. Wato masana a Mainz sun zauna da sunayen masu wayar gida na 2005, suna bin kowane suna suna ɗiga shi a inda masu shi suke zaune. Sunayen gida wajen 850,000 a ƙasa ɗaya! Müller shi kaɗai ya tasar wa mutum 700,000, ya rufe taswirar kamar fari sun sauka a gona. Na su Ladi kuwa 'yan ɗige ne da babban yatsana ya rufe su duka.

Na kai ta aji ran Litinin na nuna wa 'yan aji uku, muka bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi kamar kasuwar Mahuta aka kwashe aka kai Turai. Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai burodi. Ga Lange, wato Dogo. Ga Klein, Ƙarami. Ga Schwarz, Baƙi. Yaran suka yi ta nuna juna suna dariya, don kusan kowa ya tsinci ubansa a ciki. Abin da muke dubawa mu raɗa wa mutum laƙabi shi suka duba: sana'arsa, ko surarsa, ko garinsu, ko wanda ya haife shi.

Su dai nasu ya daskare ne. Tun wajen ƙarni na 12 laƙabin uba ya fara bin ɗa a biranensu. Limaman coci suka shiga rubuta haihuwa da aure da mutuwa a manyan littattafai, daga 1876 kuma gwamnati ta karɓi rajistar a duk faɗin ƙasar. Daga nan ko jikan Dogo ya fito gajere, Dogo zai amsa har kabari. Mu kuwa da laƙabi da mai shi rana ɗaya ake binne su. Ɗan Tanko ba ya zama Tanko sai in shi ma mata ya biyo, ɗan Nomau kuma sai in damina ta same shi.

Wata yarinya mai kaifin kai ta tambaye ni me ke sa wani suna ya cika ƙasa, wani ya rage a gida biyu. Na ce mata kowane gari yana da mai niƙa, shi ya sa Müller ya yi yawa, amma ƙauye ɗaya ne tak ya haifi sunan su Ladi, ƙauyen ma ɗan mitsitsi. Wani gidan kuma Allah ya yi ta ba shi 'ya'ya mata, su yi aure su tafi da sunan miji. Wani kuwa alƙalamin magatakarda ne ya karkace tun ɗaruruwan shekaru, harafi ɗaya ya raba gida da danginsa a takarda. Wannan kai ba sai an koya maka ba, kai da ka yi wata huɗu kana Mahauta a takardar tafiya, Goggo na tambaya ko ka fara fawa ne ba a gaya mata ba. Har yau in ta ga mai tsire sai ta ce ga abokan aikin Auta.

Sai dai na lura a saƙonka kana yi mini bayanin Jamusawa kamar wadda ba ta taɓa jin labarinsu ba. Ka manta abin da nake ci da shi ke nan? Duk shekara sai na rubuta sunayensu a allo in mun zo tarihin rubutun boko. Heinrich Barth, ɗan Hamburg, ya shiga Kano a 1851. A 1853 ya bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato ya sauka Gwandu, nan cikin jiharmu, inda ya samu littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya, sannan ya wuce Birnin Kebbi ya nufi Tumbuktu. Mutanen ƙasar nan Abdulkarim suka san shi da shi. Krause, wanda ya yi zama da Alhaji Umaru a Salaga, Malam Musa yake amsawa, alhali ma'anar sunansa na gida mai nannaɗaɗɗen gashi. Hanns Vischer, ɗan Basel ta Suwizalan, da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, nasa ma Fischer ne, masunci, da V a madadin F. Wa ya san wannan a Kano? Gidan Ɗan Hausa kowa ke cewa har gobe.

Haka Inna ta yi wa Ladi. Ta shigo gidan nan ran Lahadi, kafin ta ajiye jaka ta samu suna, kuma ka ga yadda take amsa shi da murna. Ka gaya mata atamfar da ta bari an ɗinka, tana cikin akwatin Inna da kanumfari.

A cikin labarin Turawan nan, wanda ya fi taɓa ni ba Bature ba ne. Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta. Overweg, abokin tafiyar Barth, shi ya 'yanta shi, kafin ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852. Barth ya tafi da shi Turai a 1855 tare da Abbega. Daga bakin yaron nan Schön ya rubuta Hausa mai yawa, har ta shiga littafinsa Magana Hausa na 1885. Da aka ce ya ba da labarin kansa, da garinsu ya fara, da sunayen iyayensa. Yaro ne da aka fizge daga gida, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, ya je ƙasar sanyi irin wadda kake ciki, amma bai saki sunayen nan ba. Ya dawo ya ƙare kwanansa a Kano a 1912. Duk shekara in na zo wurin nan a darasi sai muryata ta canza, yaran ma sun sani.

Akwai kuma sunan Bajamushe ɗaya da ya fi duk waɗannan yawo a bakin mutanenmu. Ka tuna ranar da na raka ka Abuja neman biza, yaran mota suna ta ihun “Baja! Baja!” kana riƙe da fayil a ƙirji? Berger ke nan, ma'anarsa mutumin dutse. Kamfanin ya shigo ƙasar nan a 1965 don gina gadar Eko a Legas. Shi mai sunan, Julius Berger, Bayahude ne, kuma a sansanin Theresienstadt ya mutu a 1943, a hannun gwamnatin Hitila, yana tsoho. Bai taɓa ganin Nijeriya ba. Yau sunansa tasha ce a Legas, mahaɗa ce a Abuja, ana kiransa tun asuba har dare. Ka ba surukinka wannan labarin, ina jin zai so shi.

To, yanzu ga ƙorafin. A wajen minti na tara ka ce ka gaya wa dattijon cewa Mahuta sunan gidanmu ne tun kaka da kakanni. Auta, wa ya gaya maka haka?

Baba ne farkon wanda ya amsa Mahuta a gidanmu, kuma ba ranar suna aka raɗa masa ba. Ranar da aka kai shi makaranta a Zuru, aka kira suna, su uku suka miƙe. Hedimasta ya raba su da garuruwansu, shi ke nan. Ya sha ba mu labarin nan a kan tabarma, kai kana can kana fama da gwaza. Ba kuma shi kaɗai ba ne. Sardauna kansa Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina. Shagari gari ne, Tafawa Ɓalewa gari ne, Zungur da Kaita da Gusau haka, 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina. Rajistar makaranta ce ta naɗa wa Arewa sunan gida, kuma duka-duka jiya ne.

Kaka kuwa a takardar soja Zuru aka rubuta masa. Haka barikin Turawa ke yi wa duk wanda ya zo ɗaukar kaki: sunan fari, sai gari ko ƙabila. Ko Chari Maigumeri, da ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya zama babban saje-manjansu har aka sa wa barikin Lokoja sunansa, sunan garinsu na Borno yake ɗauke da shi. Da Zuru Kaka ya je ƙasar Bama, da Zuru ya dawo, da ita ya karɓi fansho har ya rasu. Takardar tana nan a cikin gwangwanin Baba, na duba ta jiya.

Ka lissafa da kanka. Kaka Zuru, Baba Mahuta, ni kuma ranar da na je yin katin ɗan ƙasa sunan maigidana aka liƙa mini, ban ma ankara ba sai da katin ya fito. Gida ɗaya, takarda uku, suna uku.

Ba ina raina Mahuta ba ne. A nan aka binne cibiyarmu, nan ne hedikwatar Fakai, kuma ina jin daɗi in na tuna akwai ƙofa a Jamus da sunan garin nan a jikinta. Amma Mahuta ba ta bukatar ka cece ta. Gari ne tsayayye a kan hanyar Koko zuwa Dabai, duk ɗan garin da ya shiga makaranta yana iya ɗaukarta, ko kun haɗa jini ko ba ku haɗa ba. Akwai wata Mahutar a Ɗandume ta jihar Katsina, akwai wata a Kaduna. Kalmar Hausa ce, wurin hutawa, ba ta gidan kowa ba.

Sunan da ke bakin rami shi ne wanda uwar Kaka ta raɗa masa da Fakkanci, tun kafin bariki, tun kafin ya musulunta ya ɗauki wanda muka sani. Shi ba ya cikin littafin waya, ba ya cikin littafin coci, ba ya cikin gwangwanin Baba. Na su Ladi ko ba komai yana da ɗigon da yatsa zai rufe. Na Kaka ba shi da ko ɗaya. Ka yi wata biyu kana bin asalin sunan surukinka har hayin Oder, ban ji ka tambayi wannan ba ko sau ɗaya. Abin ya yi mini zafi, Auta. Na faɗa maka ne don kada in riƙe ka da shi.

Kuma ba kai kaɗai nake tuhuma ba. Ni da nake kwana gari ɗaya da Goggo, sai da saƙonka ya zo na tambayi kaina, na tarar ni ma ban sani ba.

Ka san yadda abin yake. Inna ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, ko na Musuluncin ma, balle wancan. Baba “Tsoho” yake cewa har ya koma ga Allah. Waɗanda aka yi wa takwara da shi duk sun zama Abba da Baba Ƙarami. Su Ladi in suna girmama suna sai su kafa shi a ƙofa, mu kuwa sai mu rufe baki a kansa. Ina son kunyar nan tamu, da ita aka raine mu, da ita nake rainon nawa. Amma in 'ya'ya ba sa faɗa, surukai ba sa faɗa, takarda ba ta ɗauka ba, a bakin wa zai zauna? Jikoki kaɗai al'ada ta sakar wa baki. Mu ne abokan wasansa, mu ne muke ja masa gemu muna ce masa ango. Mu aka bar wa ajiyar, muka tsaya wasa.

Ina duba rajistar ajina da wannan idon tun ran Litinin. Ga Fakkawa, ga Gelawa, ga Kelawa, ga Kukumawa, ga Dakarkari, amma a takarda Muhammadu ne da A'isha da Yohanna da Rifkatu, sai sunan uba, shi ma haka. Sunaye ne masu albarka, ba ni da ja. Na tambayi wa ke da sunan gida da harshen iyayensa, hannuwan da suka tashi ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, su ma a ɗarare, suna kallon ƙasa. Hausa ce sana'ata, ita ce harshen da nake mafarki da shi, da ita nake rubuta maka wannan. Duk da haka ina ganin abin da take haɗiyewa a ƙasar nan, kuma ni ce ke riƙe da allin.

Waɗansu gidajen sun fi mu dabara. Dubi Janar Ishaya Rizi Bamaiyi, da ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Na farkon daga Littafi Mai Tsarki, na ƙarshen Hausa ce tsantsa, ba mai yi sai Allah, na tsakiyar kuwa ba na Littafi ba ne, ba kuma Hausa ba, amma ga shi nan an ba shi wurin zama. Fada ma ta riƙe nata: marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, da Gomo na Biyu aka san shi. Suna uku suna zama a layi ɗaya ba tare da sun ture juna ba.

Ran Talata bayan an tashi makaranta na hau mashin na tafi wurin Goggo. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ƙafar nan a miƙe, gwiwar ta sake kumbura. Muka gaisa, ta tambaye ka, ta tambayi watan Ladi nawa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta ce wa ya mutu? Na ce ba kowa, haihuwa ce ke tafe. Ta kori yaran da ke tsakar gida, har da na goye. Ta sa na matso har gwiwata na taɓa tata.

Ba ta dube ni ba. Bangon rumbun ta kalla, ta faɗe shi ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada ya ji ya amsa. Ta ce rabonta da jin sunan nan a bakin wani tun rasuwar ƙanwar Kaka, kuma ita kanta yau ne farkon ranar da ya fito daga bakinta. Mace ta kusa tamanin, Auta, sunan ubanta. Ta ce an haife shi ne a shekarar da gidansu ya sauko daga kan dutse ya zauna a fili, sunan kuma da saukowar nan yake tafe. Na tuna Berger, mutumin dutse, ban dai ce mata komai ba.

Da bakin ya buɗe kuma sai ta ci gaba da kanta. Ta faɗi na uban Kaka, ta faɗi na kakansa, ta faɗi na uwarsa, wadda ta ce ita ce ta fara dasa tsamiyar tsohon gida. Daga nan ta tsaya, ta ce iyakar abin da aka ba ta ke nan. Ta share ido da bakin zane ta koma kan gyaɗarta. Na roƙe ta ta maimaita in ɗauka a waya. Ta ce in dai don ɗan Auta ne, to. Minti huɗu ne, na turo maka tun jiya da dare, na ga kuma har yanzu ba ka buɗe ba.

Ban rubuta sunan a nan ba don na gwada ya ƙi. Akwai wani wasali a tsakiyarsa da ba a ba ne, ba i ba ne, ba u ba ne, haruffan bokon da nake koyarwa ba su da gurbinsa. Na rubuta shi iri uku a bayan rajista, na karanta wa Goggo, kowanne ta girgiza kai. Akwai wani dattijo a cocin su Kawu Ƙarami da ya iya rubuta Fakkanci, na aika masa, zai zo ran Asabar mu zauna. Su Ladi da ke da ɗigo biyu a kan wasulansu, wataƙila ma bakinta ya riga naka kama shi.

Ga abin da nake roƙo. Sunan gida ku jera biyun, na dattijo da Mahuta, kamar yadda na ce. Amma a cikin sunayen yaron na kansa, bayan na Musulunci da za ka zaɓa, ka sa na Kaka. In mace ce, ga na uwar Kaka, Goggo ta riga ta ba mu. A rubuta shi a takardar haihuwa, da hatimi, a cikin rajistar nan tasu da ba ta mantuwa. Tun da Allah ya kai jininmu ƙasar da ake adana suna, a adana mana wannan.

Ka ce a can mako ɗaya ake ba mutum ya sanar da haihuwa, wata ɗaya kuma ya kai suna, kuma ofishin kan nemi shaida in sunan baƙo ne a wurinsu. Kada wannan ya tsayar da kai. Zan karɓo takarda daga wurin hakimi da sa hannun dattawa biyu, in ɗauki hotonta in turo, asalin kuma in ba duk mai tafiya. Ka tambayo mini tun yanzu ko da Turanci suke so ko sai an juya ta Jamusanci, kada mu zo muna gudu a ƙurarren lokaci.

Ka kuma koma wurin surukinka ka gyara maganar da ka yi masa. Ka gaya masa gaskiyar yadda muka samu Mahuta, ka kunna masa muryar Goggo. Mutumin da ya san zafin ɓatan sunan gari zai gane, ina ma jin shi zai fara goya maka baya.

Kuɗin da ka turo sun iso, Allah ya ƙara buɗi. An sauya kwanon ɗakin Inna, saura na zaure. Maganin hawan jininta na wata biyu yana hannu. Kawu, duk da gunaguninsa, ya riga ya ɗaure rago a bayan gida, yana ba shi dusa da hannunsa, ya ce ko a wace ƙasa aka haihu a nan za a yanka ran bakwai. Yarana suna gaishe ka. Babbar ta ce alƙawarin agogo yana nan ba ta manta ba.

Ka gaishe da Ladi da kyau, ka ce ta rage hawa keken nan. Ka gaishe da iyayenta, ka ce wa dattijon mutanen Mahuta sun ji roƙonsa sun amsa.

Goggo za ta zo gidan Inna ran Juma'a, zan kai su gindin tsamiya da ƙarfe biyar, bayan la'asar. Tun da kun mayar da agogonku baya, lokacinmu da naku ɗaya ne yanzu. Ka saurari saƙon kafin ranar, ka yi ta maimaitawa har ya zauna a bakinka. Ka kira, ka faɗa mata sunan a kunne, ta gyara maka.

Yayarka,
Malama